Fankar Tsauni Ba Ta Ganin Mai Haƙuri

Duk wanda ya taɓa zama kusa da Don Ítalo Piguave a bakin tekun Santa Rufina ya ji dokarsa, ko yana so ko ba ya so. In injinka ya mutu a tsakiyar ruwa, ko ɓarayi sun kwance shi sun tafi, to kada ka yi tuƙi, kada ka ɗaga tamfol don iska ta tura ka, kada ka nuna kai mai wayo ne. Ka ɗaure tarunka da doguwar igiya ka sake shi cikin ruwa ya riƙe maka jirgi, ka rufe kanka daga rana, ka zauna. 'Yan'uwanka sun san inda ka tafi su, can za su neme ka. A wajen mahaifinsa ya gaji dokar, kuma ta dawo da mutane gida, wannan ko maƙiyinsa ba ya musu. Sai dai Ítalo ya maishe ta gishirin kowace hira, a gidan biki ita ce, a gidan makoki ita ce. Matarsa Dalinda ta ji ta har ta gaji, ta kai in ya fara sai ta ƙarasa masa tana kwaikwayon muryarsa. Shi kuwa ya yi murmushi ya ɗora daga inda ta tsaya, abin da ya fi komai ba ta haushi ke nan.

Ranar Talata da asuba ɓarayin teku suka faɗa wa jiragen garin guda biyu. Na farko na Wacho Bailón ne, wanda wasu masunta suka ci karo da shi da hantsi suka jawo shi gida, ba inji, ba waya, ba rediyo, har takalmin robarsa an tafi da shi. Wacho ya ce da suka gama da shi ya ga sun nufi fitilar Ítalo, ya ji an harba bindiga sama, can ya ji ƙarar injuna tana yin nisa, fitilar kuma ba ta sake haskawa ba. Ítalo yana tare da ƙanensa Amable mai ciwon sukari, ruwan shan da suka ɗauka kuma na wuni ɗaya ne. Duk jirgin da ke da inji ya fita nema a ranar. Suka je daidai inda ya saba zuba taru, suka yi ta kewayawa har rana ta faɗi, suka dawo da jajayen idanu. Tsofaffi suka ce ruwa ne ya janye shi, domin taru rage gudun jirgi yake yi, ba ya kafe shi.

Washegari Dalinda ta tashi ta shanya kifinta mai gishiri, don ba ta san abin da za ta yi da hannuwanta ba in ba haka ba. Ta jera shi a kan gadon shanya na bayan gida, ƙarƙashin farantin nan mai fukafukai da ta rataye a kan doguwar gora, wanda in iska ta kaɗa shi yake juyi yana ƙyalli, ungulaye su tsaya daga nesa suna haɗiyar yawu. Hukuma ce ta raba wa masunta irinsa shekarun baya, aka ce kowa ya ɗaura a jirginsa don na'urarta ta riƙa hango shi daga nesa. Ba a yi mako ba maza suka kwance, saboda an ce ɓarayi ma suna da na'urar da ke hango shi, wa zai ɗaura wa kansa ƙararrawa ya shiga dajin 'yan fashi? Yawancinsu an sayar wa 'yan gwangwan. Ítalo ya kawo nasa gida ya jefar a bayan ɗaki, Dalinda ta sama masa aiki.

Maƙwabciyarta Narcisa ta leƙo ta kan shinge, mace ce da bakinta ba ya hutu ko a coci.

"Ke Dalinda, mijinki na teku kina nan kina yi wa kifi kwalliya?"

"To me zan yi? In sha ruwan tekun in ƙarar da shi?"

"Ɗaura ɗankwalinki mu hau wajen ɗanki. Shekara nawa abin nan yana juya mana kai a kan tsauni, yau dai ya biya kuɗin hayarsa."

A kan tsaunin bayan gari akwai wani farin ɗaki mai dogon ƙarfe a kansa, yana juyawa dare da rana. Rada ne sunansa a takarda, mu kuwa Fanka muke ce masa, kuma ba mu taɓa yarda da shi ba, don mun fi jin labarinsa lokacin da aka kama wani yana su a watan da aka hana. Kléver Anchundia, ɗan yayan Dalinda, shi ne ke zama a gabansa. Ita ta goya shi bayan rasuwar uwarsa, yanzu ga shi magidanci da tumbi da tabarau. Ba a barin kowa shiga ɗakin, amma mai gadin ya ci curin agadar Dalinda, dakakkiyar ayaba mai gyaɗa, sau ba adadi, saboda haka da ya hango su tafe suna haki sai ya sami abin kallo a wani ɓangaren.

Ɗakin sanyi ƙalau, ba taga ko ɗaya. Kléver ya miƙe da ya gan su, idanunsa sun kumbura, ga kofunan kofi a jere a kan tebur, da gani bai je gida ba tun jiya.

"Gwaggo, da kin kira ni ai, wannan hawan ba naki ba ne."

"Nuna min kawunka," ta ce.

Ya ja mata kujera gaban wani babban allon gilashi, baƙi wuluk. Wani siririn haske yana kewaya shi, duk inda ya share sai 'yan ɗige-ɗige su bayyana, wasu shuɗaye wasu jajaye, kowane da lamba a gefensa. A kusurwar ƙasa, wajen da aka zana gaɓar teku, an manna ɗan hoton San Pedro, waliyyin masunta, da salatif.

Narcisa ta nuna hoton da baki. "Ashe har da su waliyyi ake aikin? Ni na zaci ku 'yan boko kun ƙoshi da addu'a."

Kléver ya matso gaban allon. Ya nuna wasu ɗigo a kudu ya ce masu nema ne, Wacho yana cikinsu a jirgin surukinsa. Babban nan na can nesa jirgin dakon ayaba ne. Ba sauran.

"Ba sauran kamar yaya?" in ji Dalinda. "Ba ku kuke cewa abin nan yana ganin kowa ba? Bara da ya ga Fulton yana kama jatan lande a watan hani ai bai ce ba sauran ba."

"Fulton gudu yake yi a lokacin, Gwaggo." Ya cire tabarau ya murza ido. "Bari in faɗa miki yadda take, don kada ki ce na ɓoye miki. Fanka ba ido gare ta ba, kunne gare ta. Kin san in kika tsaya a kwarin bayan maƙabarta kika ƙwala kira, dutse yakan maido miki? To haka take yi. Tana ƙwala wani kira da kunnen mutum ba ya ji, ta saurari amsa-kuwwa. In ta dawo da wuri abin yana kusa, in ta jima yana nesa. Matsalar ita ce komai yana amsawa. Duwatsu suna amsawa, gidaje suna amsawa, kowane raƙumin ruwa a tekun nan yana amsawa."

"Kamar taron ƙungiyar masunta ke nan," in ji Narcisa. "Kowa na magana, ba mai ji."

"Kamar haka. To sai aka sa mata rariya. Kin tuna bas ɗin garin Manta in ya taho yana danna hon, yadda muryar take siririya, da ya wuce ki sai ta yi kauri? Amsa-kuwwar ma haka take. Abin da ke nufo mu muryarsa takan ƙara siranta, shi ne shuɗi. Wanda ke barin mu tasa takan yi kauri, shi ne ja. Yawan canjin kuma shi ke faɗa mana gudunsa, lambar nan da kike gani ke nan. Wanda muryarsa ta dawo yadda ta tafi, ko ta canja kaɗan daidai da rawar ruwa, rariya ta zubar da shi. Ta ce dutse ne ko ruwa."

Dalinda ta bi hasken da ido har ya kewayo.

"Wanda ya tsaya fa?"

"Wanda ya tsaya ba ta ganinsa."

"Wanda ya saki taru, ya rufe kansa, ya zauna yana jira?"

Kléver ya sunkuyar da kai. Shi ma ya ji dokar tun yana yawo ba wando.

"To cire rariyar mana!" Narcisa ta daka masa tsawa. "Kai wane irin ɗa ne? Cire ta mu gani!"

Ya taɓa wani maɓalli. Nan take allon ya cika maƙil da fararen ɗige-ɗige, kamar an ɓarar da kwanon shinkafa a kan baƙin zane, suna tsalle suna ɓacewa suna sake fitowa, dubu a kan dubu, daga gaɓa har ƙarshen da'irar.

"Ga teku nan," ya ce a hankali. "Yana ciki, Gwaggo. Na rantse miki yana ciki, in dai bai wuce iyakarmu ba. Ɗaya daga cikin waɗannan shi ne. Jirginsu na roba ne, ba ya amsawa da ƙarfi, injin shi ne ƙarfen da ke kansa, shi kuma an tafi da shi. Tun jiya nake kallon nan, in sa rariya in cire, in sa in cire."

Dalinda ta matso har numfashinta yana taɓa gilashin. Ta ɗora yatsa a kan wani ɗigo, ya ɓace. Ta ɗora a kan wani, shi ma ya ɓace. Tsoro ya kama ta irin wanda bai kama ta ba jiya a bakin teku, domin jiya ba ta ganin komai sai ruwa, yau kuwa an ce mata ga shi nan a gabanta, tana kallonsa ba ta san shi ba. Allura cikin ruwa, mai tsananin rabo ka ɗauka.

"Hanya biyu ce kawai ake ganin mutum a nan," in ji Kléver yana maido da rariyar. "Ko ya yi tafiyar da ta bambanta da ta ruwa, ko ya fi ruwa ƙyalli. Da da farantin nan da aka raba a jirginsa, ko yana barci sai na nuna miki shi da ɗan yatsa."

"Farantin kiran ɓarayi?" in ji Narcisa. "Wa ke yawo da shi?"

"Ba kowa, Inna Narcisa. Ga shi kuma ɓarayin sun zo ba a kira su ba."

Dalinda ta kawar da ido daga allon. Ta gyara zama, ta haɗa hannuwanta a cinya, ta matse su har yatsun suka yi fari.

Haka suka wuni. Jirgin sintiri yana kan tudu tun watan jiya ana jiran wani ƙarfe daga birni, jirgin sama kuma an ce an aika takarda. Kléver yana kiran masu nema ta rediyo, suna amsawa da muryoyin da gishiri ya dusashe. Sun ƙi barin wajen zuba taru da kewayensa. In ya ce su gwada arewa, sai Wacho ya ce, "Kai likitan talabijin, Don Ítalo muke nema fa, ba wani yaro ba. Inda aka bar shi nan yake." Su je arewa kaɗan don kunyarsa, su sake gangarowa kudu. Kléver kuwa ba shi da abin nuna musu, balle ya yi musu gardama.

Da rana ta take wani shuɗin ɗigo ya fito daga yamma, shi kaɗai, yana nufo gari. Dalinda ta miƙe tsaye har kujera ta faɗi. Narcisa ta fara kiran sunayen waliyyai tana haɗa su da na kakanninta. Kléver ya dubi lambar gefensa ya girgiza kai.

"Gudun ya yi yawa. Ko da inji kawu bai taɓa yin wannan gudun ba. Tsuntsaye ne, garke guda."

"Ka tabbata?"

"Ki duba, yanzu za su watse."

Suka watse kuwa. Narcisa ta tsine wa tsuntsaye da iyayensu, ta fito da curin agada da gyaɗa daga jakarta ta tura wa Dalinda, Dalinda ta tura wa Kléver, Kléver ya ajiye kusa da kofunan kofi, nan ya bushe.

Can Narcisa ta yi gyangyaɗi a jikin bango. Dalinda ta ci gaba da kallon baƙin allon, tana ganin Ítalo sarai kamar yana gabanta: zaune a gindin jirgi, tamfol a ka, ƙafafu a miƙe, yana ba Amable ruwa da murfin jarka, yana ce masa mai haƙuri yakan dafa dutse. Ta san ko gezau ba zai yi ba. Zai zauna da wannan natsuwar tasa da ta sa ta aure shi, ta kuma sa ta sha jifansa da ludayi, yana jin shi ne mai gaskiya, yana jiran 'yan'uwansa. Wani haushinsa ya taso mata ya haɗu da so, ta rasa wanne ne ya fi ƙarfi.

"Motsa mana, Ítalo," ta ce wa gilashin ƙasa-ƙasa. "Kai dai sau ɗaya a rayuwarka ka yi rashin hankali. Motsa, tsohon banza."

Kléver ya yi kamar bai ji ba, ya shiga goge tabaransa da gefen riga.

Da la'asar iskar kudu ta taso, har ana jin ta tana kuka a jikin ƙarfen da ke saman ɗakin. Dalinda ce ta fara gani, don ita ba ta ɗauke ido ba. Can sama, wajen arewa maso yamma, dab da bakin da'irar, hasken ya share ya bar wani ɗan jan ɗigo, ƙanƙane kamar cizon sauro.

"Kléver."

Ya matso. Hasken ya kewayo, ɗigon ya sake fitowa. Ya sake kewayowa, yana nan. Kléver ya ja kujera da ƙafa ya zauna, ya shiga danna maɓallai, wata 'yar lamba ta fito a gefen ɗigon.

"Ba tsuntsu ba ne," ya ce. "Ba inji ba ne kuma, ya yi sanyin tafiya. Amma ya fi ruwa sauri kaɗan, kuma a miƙe yake tafiya, yana bin iska." Ya juyo ya dube ta. "Tafiyar tamfol ce, Gwaggo. Wani ya ɗaga tamfol."

Narcisa ta farka ta hau guɗa, ta rungume Kléver ta baya tana kiransa ɗan albarka. Dalinda ba ta yi guɗa ba. Ta san mijinta. Mutumin da ya yi shekaru yana yi wa gari wa'azin kada a ɗaga tamfol ba zai yanke igiyar tarunsa don gajiya da zama ba. In ya karya dokarsa, to jarka ta bushe, ko kuma Amable ya daina amsa kira.

"Me ya sa ja ne?" ta tambaya, ko da yake ta riga ta haddace karatun.

"Barin mu yake yi."

"Ya juyo mana! Gida na nan, ina zai je?"

"Tamfol ba ya zaɓen hanya, Gwaggo, inda iska ta nufa nan za ka. Watakila yana fatan ta kai shi gaɓa can gaba, ko hanyar manyan jirage."

Ya fizgi rediyo. "Wacho! Wacho, kana ji na? Na gan shi! Arewa maso yamma, can bayan tsibirin tsuntsaye, yana tafiya da iska!"

Rediyon ya yi ta ƙara kafin muryar Wacho ta fito. "Arewa? Kai yaro, ka sha wani abu ne? Don Ítalo ne zai ɗaga tamfol?"

Dalinda ta karɓe abin maganar daga hannun Kléver, ba ta ma san inda ake dannawa ba sai da ya danna mata.

"Wacho, ni ce. Shi ne. Ku tafi."

Da Wacho ya sake magana muryarsa ta sauko, babu sauran tsiya a cikinta.

"Doña Dalinda, muna can kudu sosai. Man da ya rage mana na komawa gida ne, duk cikinmu. Sai mun sauka mun cika, sannan mu ɗauki hanyar arewa." Ya yi tari. "Za mu je, wallahi za mu je, ko ni kaɗai ne. Ki ce wa yaron ya riƙe mana shi, kada ya sake shi."

"Riƙe shi, Kléver," ta ce.

Kléver ya dubi allon. Da me zai riƙe shi? Shuɗayen ɗigon kudu suka juyo suka nufo gari, a hankali kamar masu rakiyar amarya, jan kuma yana ta matsawa bakin da'ira. Ya yi ƙoƙarin yi mata bayani cewa teku doro gare ta, kiran Fanka kuma a miƙe yake tafiya, ƙaramin jirgi in ya yi nisa sai ya faɗa bayan doron, kiran ya wuce ta samansa. Ba ta saurare shi ba. Ta ɗora yatsa a kan ɗigon, wannan karon da ya ɓace ya dawo a ƙarƙashin yatsan, ta ji kamar ta taɓa goshinsa.

Sai hasken ya share bai bar komai ba. Ya sake sharewa, ɗigon ya fito dishi-dishi. Ya ɓace, ya jima, ya sake leƙowa a kan layin da'irar kanta, lambarsa tana nan ba ta canja ba. Daga nan hasken ya yi ta kewayawa, yana wucewa ƙarƙashin yatsanta, wajen baƙi ƙirin. Masu nema ko rabin hanyar gida ba su yi ba.

Kléver ya ja layi a kan taswira, daga inda ɗigon ya fito zuwa inda ya ɓace, ya zarce da shi cikin farin takarda inda babu komai. Ya ce in iska ba ta juya ba, a kan layin nan za a same su. Bai ce yaushe ba, ba wanda ya tambaye shi. Narcisa tana kuka a fili, tana zagin ɓarayi, da hukuma, da wanda ya ƙera jirgin sintiri.

Dalinda ta janye yatsanta. Ba abin da ya rage mata yi a ɗakin, amma ba ta tafi ba. Idonta ya sauka a kan ɗan hoton San Pedro na kusurwa, ta miƙa hannu ta ɓamɓare shi don ta sumbace shi, ta tafi da shi coci ta kunna masa kyandir.

"Gwaggo, bar shi!" in ji Kléver, amma ya makara.

A ƙarƙashin hoton, daidai bakin gaɓa inda rariya ta share gari kaf, akwai wani ɗigo guda, babba, mai hasken da ya fi na jirgin dakon ayaba. Yanzu shuɗi, yanzu ja, yanzu shuɗi. Lambar gefensa tana ta tsalle ta kasa tsayawa.

"Wannan fa?" in ji Narcisa tana share hanci. "Wane mahaukaci ne ke zuwa yana komawa a wuri ɗaya?"

Kléver ya dubi ƙasa.

"Damun idona yake yi, shi ya sa na rufe shi. Duk gaɓar nan ba abin da ya kai shi amsawa. In iska ta juya shi sai Fanka ta ɗauka tafiya yake."

"Mene ne?" Dalinda ta tambaya.

"Na sha cewa zan yi wa kawu magana ya maida shi jirgi. To na san ba zai ji ba, ke kuma yana yi miki amfani."

"Kléver, mene ne?"

"Bayan gidanki ne, Gwaggo."

Ta daɗe tana kallon ɗigon. Sannan ta maida hoton waliyyin inda yake, ta danne salatif ɗin da babban yatsa, ta fita ba ta yi wa kowa sallama ba.

Tun daga rabin gangaren ta hango farantin, yana juyi a kan gorarsa, yana watsa hasken yamma a kan rufin gidaje. A bakin teku mata sun fara gangarawa da jarkokin mai a ka, suna jiran jiragen da ba su iso ba tukuna. Ta bi ta bayan gida ta tura ƙyauren shinge. Ungulaye suna jere a kan katangar Narcisa, sun takure wuya, sun wuni suna kallo daga nesa. Ta tsaya a gaban gadon shanya tana duban kifinta, ya bushe sarai, a jere yadda ta bar shi da safe. Ko guda ɗaya ba a taɓa ba.